Matsayin Gida a Ma'aunin Tsadar Rayuwa



Auna farashin gero ko sabulu ba shi da wuya. Malamin ƙididdiga zai je kasuwa wannan wata, ya koma wata mai zuwa, ya rubuta bambancin. Mai zaman haya ma haka, abin da ya biya shi za a rubuta. To, amma mutumin da yake zaune a gidan kansa fa, me za a ce ya kashe? Gida fuska biyu gare shi: makwanci ne, kuma dukiya ce wadda ake iya sayarwa da riba.

Bari mu duba abin da ya faru a Amurka. A da, ma'auninsu yana ɗaukar kuɗin sayen gida, tare da kuɗin ruwan bashin da aka ci don sayensa. Da Paul Volcker ya zama shugaban babban bankinsu a 1979, sai ya tsananta kuɗin ruwa don ya karya hauhawar farashi, har na bashin gida ya haura kashi 18 cikin ɗari a 1981. Ku lura da abin mamaki a nan: maganin da aka sha don zazzaɓi, shi ne yake ƙara wa ma'aunin zafi. Ba kuwa wasa ba ne, domin da ma'aunin ake ƙara kuɗin fansho, kuma ƙarin 1980 ya kai kashi 14.3 cikin ɗari.

Saboda haka a 1983 hukumar ƙididdigar ƙwadago ta sake hanya. Sai ta ɗauki mai gida tamkar yana haya a wurin kansa, watau a ƙiyasta abin da zai biya in da gidan na wani ne. Wannan ƙiyasi kaɗai ya kai wajen rubu'in ma'aunin duka.

A ganina wannan hanya ta fi dacewa, domin abin da muke nema shi ne tsadar zama, ba ribar dukiya ba. Amma ba ta rasa aibi. Tana da nawa, tun da yake ana komawa kowane gida ne bayan wata shida, kuma tsohon ɗan haya ba a cika yi masa ƙari nan take ba. Hayar sababbin shiga ta yi tashin gwauron zabi a 2021, amma ma'aunin gidaje bai kai ƙololuwa ba sai farkon 2023. Ƙasashen da ke amfani da kuɗin yuro kuwa sun bar gidan mai gida a waje ɗungum, ko da yake babban bankinsu ya nemi a shigar da shi a 2021.

Ku da za ku riƙe wannan aiki a nan gida, naku ya fi wuya. Galibi haya ta shekara ake biya a dunƙule. Sa'an nan a cikin birnin Kano ko Zariya, inda gidajen gado suka yi yawa, kafin ku ƙiyasta hayar gida sai kun fara nemo makamancinsa wanda aka bayar haya, shi kuwa ba a kowace unguwa ake samunsa ba.