Tayar gaba mai cinyewa ta gefe ɗaya

Direbobi, ku duba tayoyin gaban motarku. Idan gefe ɗaya na taya ya cinye sumul, ɗayan kuma zanensa na nan daram, galibi saitin ƙafafun ne ya goce, bayan an faɗa rami ko an daki kwalbati. Sai tayar ta riƙa gogar kwalta a karkace, sitiyari yana ja gefe.

Abin da ke damuna shi ne a sa sabuwar taya ba a yi alaimen, wato gyaran saitin, ba, ita ma ta cinye. Bakanike ya fara duba tayirod da boljoyin, domin idan sun saki, saitin ba zai zauna ba. Idan gefe biyu suka cinye tare kuwa, ƙarancin iska ne.