JAKAR DA KE ƘARƘASHIN GADONA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta yi a walimar shekara ta reshen mata na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan. Mun buga shi yadda ta faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba, saboda waɗanda ba su sami halarta ba. Ta roƙi a sakaya sunanta, ko da yake ta ce duk wanda ya taɓa cin alkakinta zai gane ta.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Mai girma wakilin Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamanin Sarki. Malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Uwar ƙungiya, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da 'ya'yanmu da ke can baya suna latse-latsen waya, ina gaishe ku baki ɗaya.

Da aka aiko mini wai ni zan yi magana bana, sai na ce wa 'yar aiken ta koma ta sake tambaya, kada dai ɓatan kai ta yi. Ni ba malama ba ce, karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba. Uwar ƙungiya ta ce ai ba wa'azi ake so ba, in faɗi abin da na sani kawai. To, na duba na hanga, ban ga abin da na sani kamar kaina ba. Don haka yau gulmar kaina zan yi, tun da dai kun daɗe kuna yi a bayan idona.

A nan Sabo aka yanke mini cibiya a 1972, saura shekara guda a daina fam da sule a koma naira da kwabo. Unguwar nan kuwa tun 1916 aka kafa ta. Kakana ya biyo jirgin ƙasa daga Kano ya zo sarin goro, da niyyar ya yi damina ɗaya a Kurmi ya koma. Ga shi can kwance a maƙabartarmu, shi da babana. Allah Ya jiƙansu. Babana maigida ne, fatake ke sauka wurinsa. Inna tana cikin kulle tana tuƙa musu tuwo, ni ce ƙafarta, ni ce bakinta a waje. Tun ina shekara bakwai na san Mokola da Dugbe lungu-lungu da farantin talla a ka.

To, bari in fara da halayen da kuke yi mini dariya a kai.

Na farko, ba a miƙo mini goro in jefa a baki. Sai na juya shi, na latsa, na shinshina. Wasu suna cewa wulaƙanci ne, wallahi ba haka ba ne. Muna yara, in an sauke kaya, mu ake zaunarwa a tabarma mu ware fari da ja, marsa da minu, mu tsame mai sankara, sannan a jera a huhu da ganyen fita. In ka bar mai sankara ɗaya ya ɓata sauran, kunnenka ne zai faɗa maka. Hannun ne ya saba. Ko goron da surukaina suka kawo na neman auren 'yata, sai da na ɗauki guda na juya shi a gabansu. Maigida ya yi kwana uku yana mita.

Na biyu, bakina biyu ne. In zan ƙirga kuɗi, da Yarabanci nake ƙirgawa. In ciniki ya yi zafi a Bodija, ko ɗan acaɓa ya watsa mini ruwan kwata, Yarabanci ne ke fitowa tun kafin in yi shawara. Amma in zan yi kuka, ko in rarrashi jariri, ko in kai ƙara wurin Ubangiji bayan na idar da salla, Hausa ce. Haka tukunyata take. Ni ce mai cin amala da miyar kuka, kuma ban ga laifina ba. Wadda ba ta gwada ba ta yi shiru.

Na uku, ba na yar da kaya. Gwangwanin madara, kwalbar man shafawa, ledar burodi, duk suna da wurin zama a ɗakina. Samirun jerena na aure suna nan a kabad, ban taɓa dafa komai a cikinsu ba, amma duk Salla sai na sauke su na goge. 'Ya'yana suna cewa ɗakina ya zama kasuwar 'yan gwangwan. Na ce su bar ni. Wadda ta ga Inna tana wanke leda tana shanyawa a igiya ba ta iya jefa ta a bola hankali kwance.

Abin da nake so kuwa in na sami sarari, uku ne. Akwai rediyo. Muna ƙanana, Baba yana da wata babba mai batir shida, da asuba zai yi ta murɗa ta yana neman Kaduna ko Landan a gajeren zango, tana shuuu kamar ana ruwa. Nan muka fara jin sunayen garuruwan da aka ce namu ne, ba mu taɓa ganinsu ba. Har gobe ba na barci sai da rediyo a gefen matashi. An saya mini waya mai komai a ciki, na gode, amma ni sai na murɗa na ji shuuu ɗin nan. Kasakasaina na Shata da Barmani Coge suna nan. Ranar da aka faɗi rasuwar Shata a 1999, tuwon gidanmu ya yi gudaji, ba wanda ya ce uffan.

Akwai karatun littattafai. Direbobin motocin goro ne suke taho mana da su daga Kano, na Balaraba Ramat Yakubu da na Ado Ahmad Gidan Dabino da sauransu. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, kafin ya dawo bangon ya tafi, shafin ƙarshe ya ɓata, sai ki aika gidan da ya fara sauka a faɗa miki ko an yi auren ko ba a yi ba. Da su na gyara karatun Hausata, don a makaranta Turanci da Yarabanci aka koya mana.

Sai lido. Nan ne kam ba ni da kunya. Ni da maƙwabciyata, Bayarabiya mai sayar da tattasai da attarugu, mun fi shekara talatin muna bugawa bayan la'asar. Tana cuta, ina cuta, kowa ta san ta ɗaya. Ku riƙe wannan matar a ranku, zan dawo kanta.

To, yanzu na zo kan halin da ba ku sani ba, don ba a tsakar gida yake ba. A ƙarƙashin gadona akwai jaka, irin wadda ake kira Gana-mas-go. A ɗaure take tun 1993. A ciki akwai zani biyu, da takardun haihuwar yara, da hoton Inna, da 'yan kuɗi a ƙulle a bakin ɗankwali. Har da tsohuwar Murtala ta takarda, wadda yau ko ruwan leda ba za ta saya ba.

Manya sun san abin da ya faru. An yi zaɓe ran 12 ga Yuni, gwamnatin Babangida ta soke shi, Ikko ta rikice, jita-jita ta cika gari wai yaƙi za a yi. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ga goyo ga ciki. Maigida ya sa mu a bayan motar goro, shi ya tsaya. A gadar Jebba na ga abin da ba zan manta ba: mu muna haurawa Arewa da katifu da tukwane, ga wasu motocin suna gangarowa Kudu da nasu katifun da tukwanen. Muna kallonsu, suna kallonmu. Kowa gida zai tafi.

Dangi a Kano sun karɓe mu hannu biyu, Allah Ya saka musu da alheri. Amma in na buɗe baki, sai yara su ƙyalƙyale da dariya, wai Hausata ta karkace. Sunana ya koma 'yar Kurmi. A nan kuwa tun ina talla Gambari ake ce mini. Wata uku na yi, ban san hanyar kasuwa ba, ban san wa zan aika wa da tuwo ba, ba wadda ta san Inna balle ta ba ni labarinta. Rannan da dare na tsinci kaina ina kuka, wai ni kewar gida nake yi. Sai na tambayi kaina, wane gidan?

Da ƙura ta lafa muka dawo. Kafin in tafi, na bar wa maƙwabciyar nan tawa keken ɗinkina da akuya biyu da kuɗin adashin da nake riƙewa. Na tarar da keken an lulluɓe shi da zani, akuya biyu sun zama huɗu, kuɗin kuwa ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ta ce in ƙirga. Na ƙirga mata da Yarabanci, muna kuka mu duka biyu.

Duk da haka ban kwance jakar ba. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Da aka yi rikicin Shagamu a 1999, na jawo ta bakin ƙofa, na kwana zaune. Da aka yi na kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021, nan kusa da mu, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, na sake jawo ta. Don haka kada wata ta ce mini tsoron banza ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa na kawo muku zancen nan shi ne, bara jikata 'yar shekara takwas tana neman takalminta ta jawo jakar. Ta ce, "Hajiya, wannan ta mece ce?" Na ce ta tafiya ce. Ta ce, "Ina za mu?" Na ce gida. Sai ta dube ni ta ce, "Nan ba gida ba ne?" Kuma jama'a, ba da Hausa ta yi tambayar ba, da Turanci ta yi.

Wallahi daren nan ko rediyon ban kunna ba. Na ga abin da muke yi wa yaran nan. Muna ce musu nan ba gida ba ne, ga shi can ɗin ma ba mu ba su harshen da za su shiga da shi ba. Ni da na tashi da tatsuniya da rediyon Kaduna aka yi wa dariya a Kano, ina ga wadda ba ta san Gizo da Ƙoƙi ba? Kuma saboda zaman ƙafa ɗaya a waje, nawa ne a cikinmu suka ƙi gyara gidan gado, suka ƙi yi wa yaro takardar haihuwa, suka cire yarinya daga makaranta, wai ai tafiya za mu yi? Kakana ma damina ɗaya ya zo yi.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku, ba kuma masu cin kuɗi ba ne.

Na ɗaya, a ware mana dare ɗaya a wata, mu tara yara a yi hira da Hausa zalla. A yi tatsuniya, a yi kacici-kacici, a yi gaɗa. Ni na ɗauki nauyin tabarma da alkaki.

Na biyu, ku 'yan matan da ke can baya, wayar nan da kuke latsawa tana ɗaukar magana. Ku je wurin tsofaffinmu mata ku ɗauki labarinsu tun suna da rai: yadda aka kawo su, abin da suka sayar, wa ya taimake su. Tarihin Sabo da ake faɗa na sarakuna ne da fatake. Waɗanda suka tuƙa wa fataken tuwo ba a rubuta su ba. Inna ta tafi da nata, ban da ko muryarta.

Na uku, kowace mace ta duba takardun 'ya'yanta, ta tabbata suna makaranta, na boko da na allo. Kuma in an yi haihuwa ko rasuwa a gidan maƙwabcinki Bayarabe, ki sa mayafi ki shiga. Zo mu zauna, zo mu saɓa, gaskiya ne. Amma ranar wuya, wadda kika gaisar jiya ita za ta riƙe miki akuya.

Na san za ku tambaye ni jakar. Ba zan yi muku ƙarya a gaban malamai ba, tana nan. Sai dai na fitar da zannuwan na kai wa tela ya ɗinka wa jikar tawa kayan Salla. Takardun na bar su a ciki, don ko ba gudu ai gara a san inda suke. Na kuma dasa zogale da lalle a bayan ɗaki, abin da na shekara talatin ina cewa ba amfani tun da tafiya za mu yi. Zogalen har ya fi ni tsawo. Mai son kwaɗo ta aiko yaro da kwano, amma a dawo mini da kwanona in na zuba a nawa, kun dai san hali.

Abin da na faɗa daidai, Allah Ya ba mu ladarsa. Inda na yi kuskure, ku yafe mini, bakin 'yar talla ne. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wurin nan. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya zaunar da Nijeriya lafiya, Ya shirya mana zuriyya, Ya bar zumunci.