Ɗalibar Nas: Abin Da Ta Ke Koyo Da Yadda Ta Ke Wuni

 

Yau za mu yi magana a kan yarinyar nan mai fararen kaya da ku kan gani a asibiti tana bin bayan sista, da ɗan littafi a hannu da agogo maƙale a ƙirji. Ita ce ɗalibar nas. Ga abin da ya jawo maganar. Shekara biyu da suka wuce wani dattijo, ɗan ajinmu, ya tsaya bayan an tashi daga karatu. 'Yarsa ta gama sakandare, ta ci jarrabawa, tana son shiga makarantar nas, dangi kuwa sun ƙi. Ya ce mana, "Malam, don Allah me za ta koyo a can in ba kwasar kashi da wankin gyambo ba?" Muka ba shi shawara ya bar ta ta gwada, ya kuwa yarda. Yanzu tana shekara ta uku. Da ta zo hutu muka zauna da ita muka yi ta tambayarta. Abin da ta faɗa mana, da abin da muka gani da idonmu a asibiti, shi za mu gaya muku, don mun san tambayar dattijon nan tana bakin mutane da yawa.

Shiga makaranta

Ba a shiga makarantar nas da ka. Sai yarinya ta gama sakandare ta ci darasi biyar da kyau, watau Turanci, da lissafi, da darussan kimiyya uku: na halittu, da na sinadarai, da fiziks. Sa'an nan a yi mata jarrabawar shiga. Maza ma suna shiga, suna kuwa yin aikin ƙwarai, amma yau maganarmu ta fi karkata ga mata, za ku ji dalili a gaba.

A yawancin makarantu watannin farko na gwaji ne, karatu ne zalla a cikin aji. A nan ta ke koyon yadda Allah ya gina jikin ɗan Adam. Akwai ƙwarangwal rataye a ajin, ta koyi ƙasusuwan babban mutum guda 206 da sunayensu. Ta koyi cewa zuciya ɗaki huɗu gare ta, jinin da ke jikin babban mutum kuwa wajen lita 5 ne. Ta leƙa madubin likita ta ga ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Akwai kuma wani ɗaki mai gadaje irin na asibiti, da mutum-mutumin roba kwance. A kansa ta ke koyon gyaran gado, da wanke majiyyaci, da ɗaure miki, da yin allura, har hannunta ya faɗa, kafin a bar ta ta taɓa mai rai. Wadda ta ci jarrabawar ƙarshen gwajin nan ita a ke yi wa bikin sa hula, ta yi alkawari a gaban malamai da iyaye za ta riƙe amanar marasa lafiya. Wadda ta faɗi, galibi gida ta ke komawa.

Karatun ba ya kasa shekara uku, a jami'a kuwa shekara biyar ne. A ƙarshe sai ta zauna jarrabawar Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, wadda aka kafa a yadda ta ke yanzu cikin 1979. Majalisar ce ke rubuta sunanta a rajista ta ba ta lasisi. Wanda ba shi da wannan takarda ba nas ba ne, ko da ya iya soka allura. Ku riƙe wannan, don akwai masu yawo ƙauye ƙauye da jaka suna yi wa mutane allura ba su san kome ba.

Aikin safe

Ran da ta ke aikin safe, da asuba ta ke tashi. Ta yi salla, ta sa kayanta waɗanda ta wanke ta goge tun jiya, farce a yanke, ba lalle mai kauri, ba zobe, ba awarwaro, don ƙwayoyin cuta su kan ɓuya ƙarƙashinsu. Kafin ƙarfe takwas ta isa ɗakin majiyyata. Abu na fari shi ne karɓar aiki. Masu aikin dare su bi gado gado suna karanta abin da suka rubuta: wannan ya yi barci, wannan ya yi amai sau biyu, wannan an ƙara masa ruwa. Masu aikin safe suna ji suna rubutawa.

Daga nan sai gyaran gadaje, da wanke waɗanda ba su iya tashi, da kai musu fo, da ba su abinci a baki. Gaskiya ne, abin da dattijo ya faɗa yana ciki, ba mu ɓoye muku ba. Amma ko wannan da iliminsa. Majiyyacin da ba ya iya motsi sai an juya shi kowane awa biyu, in ba haka ba fatar bayansa da ta ɗuwawunsa ta mutu, gyambo ya fito, wani lokaci gyambon ya fi cutar da ta kawo shi wuyar warkewa. Tana wanke shi kuwa tana duba jikinsa: ina ya kumbura, ina ya yi ja, idonsa ya yi fari ko ya yi rawaya.

Sa'an nan awo. Abu huɗu ta ke aunawa ga kowane majiyyaci. Zafin jiki, wanda na mai lafiya wajen 37 ne a ma'auni. Bugun jijiya a wuyan hannu, wanda na babban mutum a zaune daga 60 zuwa 100 ne a minti guda. Numfashi, daga 12 zuwa 20 a minti. Sai ƙarfin jini, wanda a kan so ya tsaya kusa da 120 bisa 80. Amfanin agogon ƙirjinta ke nan. Duk abin da ta auna sai ta rubuta a katin da ke gindin gado, da lokacin da ta auna. Likita ya kan zagayo sau ɗaya ko biyu a yini, ya tsaya minti kaɗan. Nas kuwa tana nan kullum. Abin da ta rubuta shi likita zai karanta ya san ko maganinsa yana ci ko a sake wani. A makarantarsu a kan ce musu abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne.

Ɗigo guda

Ku 'yan aji kun san wahalar da muka sha kafin ku bambanta "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari". Ɗan lanƙwasa ne kawai a kan baƙi, amma ya sake ma'ana duka. To, haka lissafin magani ya ke. In likita ya rubuta 0.5, nas ta karanta 5 don ba ta lura da ɗigo ba, ta ba majiyyaci ninki goma na abin da aka ce. Ga jariri wannan ya isa ajali. In an rubuta 250, ƙwayar da ke akwai kuwa ta 500 ce, sai ta san rabi za ta bayar. Maganin yara kuma bisa nauyinsu a ke lissafa shi, shi ya sa a ke ɗora su a kan sikeli.

Saboda haka kafin ta miƙa kowane magani sai ta tabbatar da abu biyar: mutumin shi ne, maganin shi ne, yawansa daidai ne, hanyar ba da shi daidai ce, ta baki ko ta allura, lokacin kuma ya yi. Ɗaliba ba ta ba da magani ita kaɗai, sai sista na tsaye. In kun ga nas ta sake tambayar sunan majiyyacinku alhali ta san shi, kada ku ji haushi. Haka aka koya mata.

Tsabta

Ba abin da a ke nanata mata kamar wanke hannu da sabulu, kafin ta taɓa majiyyaci da bayan ta taɓa shi, da sa safar hannu in za ta taɓa jini ko miki, da jefa allurar da aka yi aiki da ita cikin akwatinta, ba a maimaita ta ga wani. Wannan domin majiyyaci ne, domin ita kanta ne kuma. Cikin 1969 wata nas da ke aiki a garin Lassa, a ƙasar Borno, ta kamu da wani zazzaɓi da likitoci ba su sani ba. Aka kai ta asibiti a Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Daga nan cutar ta sami sunanta, zazzaɓin Lassa. Ɓera ke kawo ta, amma tana bin jini da sauran ruwan jikin majiyyaci ta kama mai jinya. Don haka in nas ta sa safar hannu kafin ta taɓa ɗanku, ba ƙyama ba ce.

Aikin dare

Muka tambayi yarinyar abin da ya fi mata wuya. Ta ce, "Malam, aikin dare." Tun bayan lisha har gari ya waye ba runtsawa, ma'aikata kaɗan, gadaje cike. Ta ba mu labarin wani dare a ɗakin yara. An kwantar da wani yaro ɗan shekara uku da zazzaɓi, uwarsa ta gaji ta yi barci a tabarma. Wajen ƙarfe biyu ta zo awo, ta ga ƙirjin yaron yana faɗawa ciki in ya ja numfashi. Ta duba agogo ta ƙirga, ta sami 58 a minti. An koya musu cewa yaro daga shekara ɗaya zuwa biyar, in numfashinsa ya kai 40 ya yi sauri, alama ce ta ciwon huhu. Ta ce ta ji tsoron ta da sista, kada a ce ta cika rawar kai. Ta sake ƙirgawa, ta sami kusan haka. Sai ta tafi ta faɗa. Aka kira likita, aka sa wa yaron iskar numfashi, aka sake magani. Bayan kwana shida uwar ta goya shi suka tafi gida.

Ba kullum a ke dacewa haka ba. Ta gaya mana ran da majiyyaci ya fara cikawa a hannunta, wata tsohuwa da ta yi mako biyu tana ba ta koko a baki. Ta fita bayan ɗaki ta yi kuka, ta wanke fuska ta komo, don akwai sauran mutane masu jiran magani. Ga kuma riƙon sirri. Ta kan ga mutanen garinsu a asibiti, ta san abin da ke damunsu, amma ko mahaifiyarta ba ta gaya wa. In ta tashi daga aiki kuma littafi na jiranta, don jarrabawa ba ta ƙarewa.

Aikin ba baƙo ba ne

Wasu su kan ce wannan aikin Turawa ne. Gaskiya makarantar nas irin ta zamani daga Ingila ta faro. Florence Nightingale ta tafi ƙasar Turkiyya cikin 1854 da mata 38 don jinyar sojojin da suka yi rauni a yaƙi, ta komo ta buɗe makarantar nas a Landan cikin 1860. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar nas ta duniya. Amma tun kafin wannan da shekara fiye da dubu, Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. A tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu da aka harbe shi a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Malamanku na unguwa sun san wannan labari, ku tambaye su.

Abin da mu ke roƙo

Yanzu ga dalilin da ya sa muka fi maganar mata. Dukanmu mun san maigidan da ya hana a kai matarsa asibiti tana naƙuda, don ya ji namiji ne zai duba ta. Mun san macen da ta ɓoye ciwo shekara da shekaru don kunya. Muna so mace ta duba matanmu, mai jin harshenmu, wadda ta san al'adarmu. To, daga ina za ta fito? In kowa ya cire 'yarsa daga makaranta, 'yar wa za ta tsaya a kan matarsa ran da haihuwa ta zo da gardama?

Saboda haka muna roƙonku abu uku. Na ɗaya, yarinyar da ke da kai, tana kuma son aikin, ku bar ta ta gama sakandare, ku sa ido kan lissafinta da kimiyyarta tun da wuri. Aure ba ya hana wannan karatu, akwai matan aure a makarantun nas, in an yi sharaɗi da miji tun farko. Na biyu, in kun je asibiti ku girmama ɗalibar nas, ku amsa tambayarta da gaskiya, har maganin gargajiyar da aka sha a gida ku faɗa. Na uku, ku dage da naku karatun. Mai jinyar da ya iya karanta "ƙwaya ɗaya, sau uku a yini, kwana biyar" ya iya duba agogo, ya ɗauke wa nas rabin aiki bayan an sallami majiyyaci.

Dattijon nan har yanzu yana zuwa aji. Ya ce mana ya ƙudura sai ya karanta takardar shaidar 'yarsa da kansa ran da aka ba ta, ba sai wani ya karanta masa ba. Allah ya nuna masa ranar, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya yi wa masu jinyarsu albarka, amin.