Awa 72: Haɗa Kulawar Waɗanda Aka Yi wa Fyaɗe da Sassan Lafiyar Haihuwa da na Ƙanjamau



Daga lokacin da aka yi wa mace ko yaro fyaɗe, awa 72 kacal ke akwai a fara shan maganin da ke hana ƙwayar HIV kama jiki, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, kuma sai an sha shi kwana 28 ba fashi. Maganin gaggawa na hana shigar ciki yana kai awa 120, amma da wuri ya fi aiki. Ga maganin ciwon sanyi da tunjere, ga allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, ga ta tetanus in akwai rauni. Babu baƙon magani a cikinsu. Abin da ke damuna shi ne kowanne yana kulle a ɗakinsa daban.

Mu ɗauki misali mu bi yarinya a hanya. Abin ya faru Alhamis da yamma. Ba ta faɗa ba, sai washegari uwa ta ga jini a zaninta. Uba ya ce a rufa asiri, kawu ya ce a kai wa mai unguwa, Juma'a ta tafi a zaman sulhu. Asabar aka je caji ofis, aka ce a kawo takardar likita. A asibiti sashen gaggawa ya ɗinke rauni, amma PEP yana sashen masu ƙanjamau, mai makullin kuwa sai Litinin. Maganin hana ciki yana ɗakin tazarar haihuwa, shi ma a rufe. A kowace ƙofa sai ta sake ba da labarin daga farko, a gaban baƙin fuska. Kafin Litinin ta waye, wa'adin PEP ya cika tun yammacin Lahadi. Kowa ya yi aikin ɗakinsa, yarinya kuma ta rasa kariyar da take kwance cikin kabad, taku kaɗan daga inda ta zauna.

Binciken cin zarafin yara da aka yi a Najeriya a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Na ambaci maza da gangan, domin tsarinmu kusan bai tanadar musu ƙofa ba. Binciken ƙanjamau na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cutar ta fi yawa a mata nesa ba kusa ba: kashi 1.9 cikin ɗari, maza 0.9, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu gwada mafita. Afirka ta Kudu ta buɗe cibiyar Thuthuzela ta farko a 2000 a birnin Cape Town, ƙarƙashin hukumar gabatar da ƙara ta ƙasar. Ma'anar sunan a harshen Xhosa ita ce rarrashi. A rufi ɗaya ake samun ma'aikaciyar jinya, mai ba da shawara da ɗan sanda mai ɗaukar bayani. A lardin Copperbelt na Zambiya kuwa, da aka lura caji ofis mata suke fara zuwa, sai aka horar da 'yan sanda su ba da maganin hana ciki nan take sannan su tura asibiti. Wannan dabarar ta fi burge ni, domin ta kai magani inda mutane suke zuwa da ƙafarsu.

Mu ma mun fara. Cibiyar Mirabel ta buɗe a Legas a 2013, akwai Waraka a Kano, cibiyoyin Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Aiki ne na a yaba. To amma cibiya a babban birni ina za ta kai ga yarinyar da ke ƙauye, wadda kuɗin mota kaɗai sai an sayar da akuya? Ƙaramin asibitin mazaɓa shi ne kusa da ita, kuma a can akwai ungozoma da ke gwajin HIV ga masu awon ciki duk mako. Ita ya kamata a horar, a ba ta ƙunshin magani a hannu dare da rana, da izinin ba da kashin farko ba tare da jiran likita ko takardar 'yan sanda ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa.

Haɗin yana da wata fuskar da ba mu cika kallo ba. Mata da yawa ba za su taɓa zuwa su ce an ci zarafinsu ba, amma suna zuwa awo, suna zuwa karɓar maganin ƙanjamau. Matar da aka fara ganowa tana da ƙwayar a wurin awo ta san abin da ke jiranta in ta faɗa a gida: zargi, duka, wani lokaci saki. Sai ta ɓoye maganin, ko ta daina zuwa, mu kuma mu rubuta cewa ta ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na 2013, ta nemi a horar da ma'aikata su yi tambaya in sun ga alama, su saurara ba tare da ɗora laifi ba. Hakan na buƙatar ɗaki mai ƙofa, domin ba a faɗin irin wannan magana a layin awo.

Saura bibiya. PEP yana sa wasu tashin zuciya da kasala, kuma yarinyar da gidansu suka zaɓi shiru ba ta da mai tuna mata. Akwai gwajin ciki da za a maimaita, da na HIV bayan wata uku. Ina roƙon kwamishinonin lafiya su ɗora wannan a wuyan ma'aikaciya ɗaya a kowane asibiti, wadda ta karɓi yarinyar ranar farko, a kuma ware mata kuɗin waya da na mota a cikin kasafi.