Jawabin Magatakarda: Ranar da Waya Ta Ƙi Shiga, Wa Ke Yanke Shawara?

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa 'yan kasuwa na nan Alibandeng da na Mont-Bouët, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi yabo, amma ku yi mini afuwa, tuni zan yi.

Ranar 26 ga Agusta 2023, ranar zaɓe, aka katse intanet a Gabon, aka sa dokar hana fitar dare. Ranar 30 ga wata sojoji suka kifar da gwamnatin Ali Bongo, suka rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 2 ga Satumba. Kwanaki kaɗan ne, amma ku tambayi wanda motar albasarsa ta tsaya tsakanin Kyé-Ossi da Eboro tsawonsu. Albasa ba ta san juyin mulki ba, ruɓewa kawai take yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka samu kanmu. Duk harkar ƙungiya tana cikin WhatsApp: sunayen direbobi, wanda ake bi bashi, wanda katin zamansa ya kusa ƙarewa. Da intanet ta ɗauke, sai muka koma kamar baƙin da suka sauka jiya. Ni kaina na yini ina neman lambar wani direba, ashe tana wayar mutumin da ya tafi gida Maraɗi. Kuɗin asusu na nan, amma mai sa hannu ɗaya ne, kuma babu wanda ya san iyakar ikonsa idan Shugaba ba ya kusa.

Ba laifin Shugaba ba ne. Mu ne muka ɗora komai a kan mutum guda, muka kira shi girmamawa. Dattawanmu da suka ga faɗuwar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗi ya rasa rabin darajarsa dare ɗaya, sun san irin wannan rana. Mu ma mun ga Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ga roƙona ga kwamiti. A rubuta sunan wanda zai tsaya idan babu Shugaba, da wanda zai tsaya idan shi ma babu shi. Masu sa hannu a asusu su zama uku, biyu su isa a fitar da kuɗi. A ware asusun gaggawa dabam da na biki da rasuwa, kada a taɓa shi ko da sunan rance. Sannan a sayi littafi, na takarda, a rubuta lambobi da basussuka, kwafi ɗaya a nan, ɗaya wurin wakilinmu na Bitam.

Littafin ni zan saya. Bayan sallar La'asar ina bakin ƙofa, kowa ya tsaya ya ba ni lambarsa da ta direbansa kafin ya wuce.