Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina



A zamanmu da ya gabata an kawo shawara cewa ƙungiyarmu ta shirya gasar juriya a kan kafaffen keke, watau keken nan na motsa jiki da ake girkewa a cikin ɗaki, mutum ya hau ya yi ta taka feda alhali bai gusa ko da taku ɗaya ba. Wasunmu sun ce a yi, har ma a nemi sunanmu ya shiga kundin bajinta na Guinness. Wasu kuwa sun ce wannan wasan ƙosassu ne, bai dace da 'ya'yan talakawa ba. An ba ni 'yan mintoci in faɗi nawa ra'ayin. Ni mutumin Dawakin Tofa ne, na tashi a inda keke yake abin neman abinci, saboda haka ina roƙon ku yi mini haƙuri idan kuka ji ina yawan komawa gida a cikin maganata.

Bari mu fara da sanin abin da muke gardama a kansa. A shekarar 2012 wani saurayi ɗan Ingila mai suna Jamie McDonald ya hau irin wannan keke a garinsu, Gulosta, ya yi awa 268 yana takawa, watau kwana 11 da 'yan awoyi. Dokar masu kundin ta ba shi hutun minti 5 kacal a kan kowace awa, sai dai yana iya tara mintocin ya ɗan runtsa. Wannan saurayi ya sha kwanciya a asibiti yana yaro saboda ciwon laka, kuma kuɗin da ya tara ya tafi ne ga taimakon yara marasa lafiya. A watan Afrilu na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, Geraint Thomas, wanda ya lashe babban tseren keke na ƙasar Faransa a 2018, ya girke kekensa a garejin gidansa ya yi ta tuƙi awa 12 a kowace rana har kwana 3. Ya zaɓi awa 12 ne domin shi ne tsawon aikin da ma'aikatan jinya suke yi a tsaye. Na'ura ta lissafa masa kimanin kilomita 1,200, nisan da ya zarce tsawon hanyar dogo daga Kano zuwa Legas, kuma ya tara wa ma'aikatan lafiya fiye da fam 300,000. Akwai kuma masu haɗa keken da kwamfuta, ta wata manhaja mai suna Zwift, su yi ta hawan tudu na cikin allo har sai jimlar hawan ta kai mita 8,848, watau tsayin dutsen Ebares, duk a zama ɗaya.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne don ba a fita rana. Na gwada shi da kaina a wani ɗakin motsa jiki a birni, ina taƙama da cewa tun ina firamare nake hawan keke, amma minti 40 na yi na sauka ina haki kamar wanda aka koro. Dalilin haka a fili yake. Jikin ɗan Adam inji ne mai ɓarnar ƙarfi: daga abin da ya ƙona na abinci, kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ne kaɗai yake isa ga feda, saura duk zafi ne. Mai tafiya a kan hanya iska tana bugunsa tana busar da guminsa, ta haka jiki yake sanyaya. A cikin ɗaki kuwa babu wannan iska, gumi sai ya yi ta zuba a ƙasa ba tare da ya sanyaya kowa ba, har mutum yana iya zubar da lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya. Gishirin jiki yana fita tare da gumin, kuma wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla na tsawon awoyi ba tare da gishiri ba yana iya jawo wa kansa ciwon kai da ruɗewa, har da suma. Sa'an nan sukarin da jiki yake ajiyewa a hanta da tsoka ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan aiki ya yi tsanani; in ba a ci wani abu ba sai ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu. Bayan wannan duka, kafaffen keke ba shi da gangara da za ka saki feda ka huta, sirdi yana cin fata a wuri ɗaya, kuma ba ka ganin komai sai bango. Wannan na ƙarshe shi ya fi kayar da ni, domin kaɗaici da rashin ganin ci gaba sun fi ciwon cinya karya zuciya.

To, masu cewa wasan banza ne suna da hujja, kuma tarihi yana bayansu. A shekarar 1818 wani injiniya mai suna William Cubitt ya ƙera wa gidajen yarin Ingila wata babbar na'ura mai matakala, fursunoni su jeru su yi ta takawa tana juyawa. A wasu gidajen tana niƙa hatsi ko ta jawo ruwa, a wasu kuwa ba ta niƙa komai, azaba ce kurum. Abin da aka yi wa fursuna horo da shi a wancan zamani, yau shi mutane suke biyan kuɗi su yi. Ko ta fuskar ƙarfi ma, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Lafiyayyen mutum wanda ba ɗan wasa ba yana iya riƙe kimanin wat 100 na wani lokaci. In da zai jure awa 10 a haka, abin da zai samar bai wuce yunit ɗaya na wutar lantarki ba.

Yanzu ku biyo ni mu je gida. Ƙasarmu tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano inda gona take manne da gona, ba a barin fili ya huta, kuma tun a shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suka yi nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa kaɗan. Sirrin kuwa zirga-zirga ce: taki ya fito daga birni zuwa gona, itace da hatsi da kayan miya su shiga birni. Da jaki aka fara wannan aiki, daga baya keke ya zo ya taya shi. Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Katsina da asuba, wajen kasuwar hatsi ta Dawanau wadda take cikin ƙaramar hukumarmu, ya ga dattijo a kan tsohon Raleigh ko Phoenix, buhu a kan kariya, wani ƙunshin a rataye a gaba, yana takawa a cikin hunturu ko a cikin zafin bazara. Ba mai riƙe masa agogo, ba mai miƙa masa ruwa, ba mai ɗaukar hotonsa. Gobe ma haka zai yi, jibi ma haka.

Amma akwai wanda ya fi shi kama da abin da muke magana a kai. Hausawa da suka ga na'urar ɗinki ba su wahalar da kansu wajen neman suna ba, suka ce keken ɗinki. Ashe mun daɗe da namu keken da ba ya zuwa ko'ina. Ƙanen mahaifina tela ne, kuma tun ina yaro nake ganin yadda goman ƙarshe na azumi take kasancewa a shagonsa. Da an sha ruwa an yi sallah zai hau keken, ƙafafunsa a kan feda, fitila a gefe, ba zai sauka ba sai an kira sahur. Daren jajibere kuwa ba ya runtsawa sam. Bayansa yana ciwo, idonsa yana ja, ƙafarsa tana kumbura, duk irin abin da 'yan wasan Turai suke kuka da shi. Bambancin kawai shi ne, da gari ya waye yaran unguwa suna tafiya Idi cikin sababbin riguna. Da na ba shi labarin Baturen da ya yi kwana 11 a kan keke a ɗaki, tambaya ɗaya ya yi mini: “To, ɗana, da ya sauka me aka samu?” Da na ce an samu kuɗin taimakon yara marasa lafiya, sai ya gyaɗa kai ya ce, “In haka ne ya yi aiki.”

Wannan tambaya ta Baffa ita ce ma'aunina, kuma ita nake so ƙungiyarmu ta riƙe. Juriya ba baƙuwa ba ce a wurinmu da za mu je koyonta a waje. Abin da yake ba ta daraja shi ne abin da aka samu bayan an sauka. Idan takardar Guinness ce muradinmu, to, mu tuna da Hilda Baci, wadda ta yi girki na awa 93 da minti 11 a Legas a watan Mayu na 2023, ƙasa duka ta ɗauka. Shekarar ba ta ƙare ba wani ɗan ƙasar Ailan, Alan Fisher, ya zarce ta. Kowace bajinta ta lissafin awoyi haka take, aro ce, mai karɓa yana nan tafe.

Duk da haka ban yarda da masu cewa mu watsar da maganar ba, domin akwai wani abu da ya shafe mu mu da muke zaune a wannan ɗaki. Mu ne 'ya'yan masu keke waɗanda ilmi yake ɗorawa a kan kujera. Tun lokacin kuɗin Udoji a 1975, da ma'aikata suka samu ƙarin albashi suka ruga sayen babura da motoci, keke ya zama alamar wanda bai samu ba. A shekarar 2001 da Ministan Sufuri, Ojo Maduekwe, ya yi kira a koma hawan keke, har ya hau da kansa a Abuja, dariya aka yi masa. Sai da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 sa'an nan wasu suka tuna da kekunan da suka jingine a zaure. A halin yanzu ɗalibi yakan wuni a zaune a aji da laburare, ya gama ya samu aiki ya wuni a zaune a ofis, ya hau mota ya koma gida ya zauna, amma cin tuwonsa irin na mai noma ne. Hawan jini da ciwon sukari suna samun ƙofa ta wannan hanya, kuma kowa a nan ya san wani babban ma'aikaci da suka kwantar tun bai kai ga ritaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Dattijon hanyar Dawanau yana cika wannan kafin Talata. Mu fa? Sa'an nan ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda da yawansu ba za su hau keke a kan titi ba saboda al'ada da idon jama'a. Keken cikin ɗaki yana ba su damar da titi ya hana su.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara. Na farko, a yi gasar, amma ta karɓa-karɓa: awa 12 a rana ɗaya, kowane mahayi ya yi rabin awa ya ba wani, maza da nasu keken, mata da nasu a wurin da ya dace. Na biyu, kafin kowa ya hau a auna jininsa, kuma ma'aikacin lafiya ya zauna tare da mu daga farko har ƙarshe. Wanda yake da ciwon zuciya ko ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya sauka nan take, babu kunya a ciki. Na uku, a sa fanka a gaban kowane keke, a tanadi ruwa da ruwan gishiri da sukari, da dabino da kunu, kuma kada a sa ranar a cikin azumi ko a tsakiyar zafin Afrilu. Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙi, a sanar tun da wuri abin da za a yi da kuɗin da aka tara, a kuma karanta lissafinsa a gaban taro. Ni dai da za a bi tawa, kekuna za a saya wa yaran ƙauye da suke tafiya mai nisa a ƙasa zuwa makarantar sakandare, domin na yi wannan tafiya, na san yadda take cinye darasin farko na safe. Na biyar, kada keken ya koma sito bayan an watse. A bar shi a inda ɗalibi zai iya hawa minti 30 kullum, domin rigakafi ya fi magani, kuma rabin awa ta kowace rana ta fi wa jiki amfani a kan bajintar rana ɗaya a shekara.

'Yan'uwa, in mun yi haka, ranar da na koma Dawakin Tofa Baffa ya tambaye ni me aka samu da muka sauka, ina da amsar da zan ba shi ba tare da na sunkuyar da kai ba.