Jawabi a Bikin Yaye Shugabannin Matuƙa Jiragen Ruwa a Yelwa

Wakilin Mai Martaba Sarkin Yauri, hakimai, sarakunan ruwa da na jirgi daga Yauri, Ngaski da Shanga, iyayenmu da 'yan'uwa.

Duk wanda ya kalli tseren jiragen ruwa na bikin Rigata ya san ƙarfin damtse kaɗai ba ya kai jirgi gaci. Samari ashirin na iya zama ƙarfafa, amma in filafilansu ba su faɗa ruwa tare ba, jirgin da ke bayansu zai wuce su. Akwai dattijon da ya sha zama da su kafin ranar, yana gyara wa wannan hannu, yana tambayar wancan me ya gani. Ba a ambatonsa a filin biki, amma aikinsa ake tafa wa.

Ku da ake yayewa, irin wannan dattijon muka nema muku ya horar da ku, domin ruwanmu na da haɗari. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwanmu ya canza hali. Ya haɗiye gonaki da garuruwa, ya bar kututtura a ƙasa, iskar farkon damina kuma kan tayar da igiya a tsakiyar tafki. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara. Har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Masu horar da ku ba su tsaya a allo ba. Sun shiga jirgi tare da ku ranar kasuwa, suka ga yadda ake lodi, suka saurari yadda kuke magana da yaranku. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yanzu yaron jirgi na iya duban maigidansa ya ce, "Maigida, lodi ya isa," a kuma saurare shi. Wallahi wannan ya fi sabon inji daraja.

Ina roƙon sarakunan jirgi kada a sallami masu horarwa da wannan biki. Su riƙa dawowa mashigi wata-wata. Ku kuma da aka yaye, kowa ya ɗauki matashi ɗaya ya zaunar kusa da shi a bakin inji, kuma kada jirginku ya bar gaɓa sai kowane fasinja ya sa rigar kariya.

Allah Ya tsare mu.